Maikuɗi Mai Shanun Jama'a

Sunansa Maikuɗi, amma bai taɓa tara kuɗi ba. An haife shi ne a shekarar da audugar uwarsa ta yi daraja, aka laƙaba masa sunan, kuma har ya tsufa abokan wasansa ba su daina tsokanarsa da shi ba. Bamaguje ne, ɗan Unguwar Maitama da ke gefen Dayi, inda gidajen Maguzawa suke warwatse a tsakiyar gonaki, kowane gida da jerin rumbunansa. Hayin rafi kuma akwai garin Musulmi, manoma da 'yan kasuwa, masu katanga da zaure. Kasuwarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya in rani ya tsananta. Ana gaisawa, ana zuwa wa juna barka da jaje, amma in magana ta zo kan dukiya, kowa nasa yake ja a jiki.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana. Tun yana saurayi ya saɓa da ƙanen ubansa a kan rabon gandu, ya ɗauki sandarsa ya tafi Maska, ya zauna shekaru a hannun wani manomi mai shanun huɗa. A can ya koyi huda hancin sa, da horar da shi da jan gungume kafin a ɗora masa garma, da gane gajiyarsa tun kafin ya durƙusa. Da ya dawo gida ya auri Hajo, mace mai baki da zafin nama, wadda giyarta ta yi suna har unguwannin nesa. Amma sa ko ɗaya bai dawo da shi ba. Ya koma ga galmarsa ta noman hannu kamar kowa, iliminsa na shanu yana kwance a cikinsa.

Bayan samun mulkin kai da kaɗan, malamin gona ya riƙa zuwa daga Malumfashi a kan keke, yana tara mutane a kasuwa. Maganarsa ɗaya ce kullum: shanu biyu da garma sun fi ƙarfin gida ɗaya, amma ba su fi ƙarfin gari ba. Ya yi ta nacin har mutane suka yarda. Wannan ya kawo damin dawa, wancan buhun auduga, wata ta kawo akuya. Musulmi da Maguzawa suka haɗa, aka je kasuwar Musawa aka sayo shanu biyu, fari mai dogayen ƙahoni da ake kira Fari, da wani ja marar ƙaho da ake kira Gundumi. Malamin gona ya ce sunan abin ƙungiyar taimakon kai. Mutane dai shanun jama'a suke cewa. Aka ɗora Malam Isyaku Maiwada a kai, ɗan kasuwar hatsi mai mutunci a gari, aka ɗaure shanun a gidansa.

Malam Isyaku ba maha'inci ba ne. Sai dai ya saba yanke shawara a zaurensa, da wanda ya zo gaishe shi da safe. Wanda ya riga zuwa ya roƙa, gonarsa ce za a huɗe. Maguzawa kuwa ba su saba zaman zauren kowa ba, don haka sai da lokacin shuka auduga ya wuce shanu suka ƙetare rafi. Ga su kuma a bayan katanga, cikin gidan da namiji baƙo ba ya shiga. Barorin da aka bar wa kiwonsu ba su san kan aikin ba. Da rani ya raba, aka fito da su shan ruwa, sai ga haƙarƙari a waje, Gundumi har yana ɗingishi.

Magana ta tashi. Wasu suka ce harawar da aka tara wa shanu ragunan Malam ne suka cinye. Wasu suka ce ana kai su ƙodago Dayi a ɓoye. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda ya tambaye shi a gaban idonsa. A bakin rijiya ake faɗa, a rumfar mahauta, a wajen shan giya. Da aka ce a sake kawo harawa, ko dami ɗaya bai zo ba. Ɗanasabe, abokin Maikuɗi tun na yarinta, ya fara zagayawa gida gida yana cewa a sayar da shanun kawai, kowa ya karɓi rabonsa, a huta.

Wata safiya Malam Isyaku ya naɗe wandonsa ya ƙetare rafi, ya yi sallama a ƙofar gidan Maikuɗi. Hajo ta shimfiɗa masa buzu a gindin rumbu. Bayan gaisuwa ya ce, "Maikuɗi, an ce ka san shanu. Ni dai na gaji. Allah ya sani ban ci ko ganyen harawa ɗaya na jama'a ba, amma yau in na shiga kasuwa sai hira ta mutu. Ka karɓe su."

Maikuɗi ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Malam, na yarda ba ka ci ba. Amma in na kawo su gidan nan, abin da mutanenmu suke faɗa a kanka shi mutanenku za su faɗa a kaina. Ba zan ɗaure su a gidana ba."

"To, a ina?"

"A bakin hanya, gindin ɗorawar nan ta mashigin rafi, inda kowa yake wucewa. Shingen kuma kada ya wuce ƙugun mutum. Harawa da dusa a ɗora su kan rumfa a fili, mai wucewa ya ga abin da aka kawo da abin da ya rage. Wanda za a fara yi wa huɗa kuma, ba ni zan zaɓa ba, ba kai ba. Sai abu na ƙarshe: duk kaka a tara mutane, in zauna a ƙasa, kowa ya tambaye ni abin da yake so. Har mata."

Malam Isyaku ya ce, "Har mata?"

Hajo, wadda take tankaɗe a gefe kamar ba ta saurare, ta ce, "Ai akuyar da na bayar ba ta namiji ba ce, Malam."

Ya yi dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya, ya ce ya amince.

Haka aka yi. Maikuɗi ya kafa turaka a gindin ɗorawa, ya yi wa kansa 'yar bukka a gefe. Ya wanke wa Gundumi kofato, ya cire ƙayar da ta ruɓe a ciki, ya riƙa jiƙa musu dusa da kanwa. Masu zuwa kasuwa suka fara tsayawa suna leƙe. Wanda ya ga rumfa ta kusa zama fayau sai kunya ta kama shi, washegari ya zo da ɗan daminsa ya ɗora. Kafin bazara shanun sun murje, fatarsu tana sheƙi.

Da hadari ya fara haɗuwa, aka yi shela kowane gida ya zo da alamarsa. Wani ya kawo wuri, wani ƙaramin zobe, wani guntun fata mai tsaga biyu, wani ƙwallon goruba da aka huda. Aka zuba su cikin ƙwarya aka rufe da faifai. Akwai wata gwauruwa a gari, Gwaggo Mairo, wadda yanar ido ta makantar, ita aka ce ta riƙa sa hannu tana zarowa. Duk alamar da ta fito, sai mai ita ya amsa da ƙarfi, Maikuɗi ya zura ta a igiya. Da aka gama, ya ɗaure igiyar a reshen ɗorawa. Kowane gida huɗar safiya ɗaya, in an kewaye kowa a sake zagayowa. Gidan da aka yi wa, a cire alamarsa a miƙa masa a gonarsa. Ko jahili ne kai, in ka tsaya gindin ɗorawa ka ɗaga kai, ka san gida nawa ne a gabanka.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Alhaji Aƙilu, babban manomin gari, wanda ya fi kowa bayarwa lokacin sayen shanu, alamarsa can ƙarshen igiya ta faɗa. Ya zo da yamma ya tsaya bakin shinge yana shafa gemu.

"Maikuɗi, ka san abin da na zuba a shanun nan. Yanzu sai in jira a bayan gwauraye?"

"Na sani, Alhaji. Maganarka tana da kai. Ka faɗe ta ranar kasuwa a gaban jama'a. In suka ce gonarka ce farko, da asuba za ka gan ni."

Alhaji ya dube shi, ya dubi igiyar, ya juya ya tafi. Bai kai maganar gaban jama'a ba, amma bai manta ba.

Damunar nan ta yi kyau. An huɗe gonakin hayi biyu a kan lokaci, auduga ta yi, gyaɗa ta yi. Da kaka Maikuɗi ya zauna a ƙasa kamar yadda ya yi alkawari, aka yi masa tambayoyi, wasu na gaske, wasu na neman magana. Wata mata ta tambayi inda taki yake tafiya, abin da bai taɓa zuwa ran kowa ba. A nan take aka yanke cewa takin ma a riƙa raba shi bisa jerin igiya.

Damuna ta biyu ce ta zo da jarrabawa. Ruwa ya sauka da wuri, aka shuka dawa, ta fito ta kai tsawon hannu, sai sama ta ɗauke. Rana ta yi ta dukan shukar har ganyenta ya lanƙwashe. Duk mai kiwo ya san ƙaramar dawa in ta sha rana irin haka guba ce ga dabba. Da ruwa ya dawo, aka koma huɗar auduga da gaggawa. Ranar da alamar Ɗanasabe ta zo, Maikuɗi ya yi masa aiki tun sanyin safiya har rana ta take. Ya kwance shanu daga karkiya, ya cire musu takunkumi su huta, ya ɗaure su a gindin wata kanya. Igiyar Gundumi ta tsufa, ta fara warwarewa kusa da ƙulli. Ya lura da hakan tun kwanakin baya, yana ta cewa zai tufka sabuwa.

Ɗanasabe ya fito da tulun giya da ya sayo a wajen Hajo, ya ce su ɗan jiƙa maƙogwaro a inuwa. Maikuɗi ya ce ƙoƙo ɗaya. Hirar yarinta ta yi daɗi, ƙoƙo ɗaya ya zama uku, iska tana kaɗawa, ya jingina da itace ido ya rufe. Kukan Fari ne ya tashe shi. Da ya duba, ba Gundumi. Can ya hango shi tsakiyar dawar maƙwabci, ƙafafu a buɗe, yana tangaɗi, kumfa tana zuba daga bakinsa. Kafin ya isa gare shi, san ya zube.

Maikuɗi ya durƙusa ya taɓa cikinsa, ya buɗe idonsa ya duba, ya san ba tashi. Ɗanasabe ya iso yana haki, ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Ba wanda ya gan mu. Igiya ta tsinke, shi ke nan. Ai ba ƙarya ba ce, ta tsinke ɗin."

"Bar wannan tukuna. Yi gudu ka kira Malam Isyaku, ya zo da wuƙa. In ya mutu a hannunmu mushe ne, rabin masu shi ba za su ci ba, mahauta ba za su saya ba. Duk wanda ka gamu da shi a hanya ka ce ya zo ya gani."

Ɗanasabe ya zura da gudu. Maikuɗi ya tallafe kan Gundumi a cinyarsa, yana shafa masa goshi, yana yi masa 'yar muryar da yake yi masa in za a shiga kunyar huɗa. Malam Isyaku ya iso a kan keke, babbar riga a naɗe a kafaɗa. San yana sauran numfashi. Aka juya shi gabas, Malam ya yi bisimilla ya yanka.

Kafin a jima gonar ta cika. Maikuɗi ya hana a taɓa komai sai da mutanen hayi biyu suka hallara, sannan ya ce mahauci ya farke tumbin a gaban kowa. Ga ganyen dawa nan ɗanye, cunkus. Mutane suka girgiza kai. Aka ce ƙaddara ce, dabba ba ta da hankali. Aka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya ana yi wa Maikuɗi jaje. Har Alhaji Aƙilu ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya mayar da alheri. Aka sayar wa mahauta naman da fatar a nan tsaye, a kan idon jama'a.

Da yamma Hajo ta ajiye masa tuwo, bai taɓa ba. Da ta matsa, ya gaya mata yadda aka yi. Ta zauna a kan turmi.

"Maigida, magana ta mutu, ka bar ta. Kowa ya ga tumbi, kowa ya gamsu. In ka ambaci giya a gaban mutanen gari, ba kai kaɗai za a zaga ba, mu duka ne. Kuma giyar tawa ce."

"Yau Gwaggo Mairo ta lalubo hannuna tana ba ni haƙuri," in ji shi. "Ita da gonarta ke jira a igiya. Su aka yi wa ɓarna, ni ake yi wa jaje. In na haɗiye wannan, da kaka in na zauna a ƙasa aka tambaye ni, da wane baki zan amsa?"

"In suka ƙwace shanun fa?"

"Nasu ne."

Ta tashi ta shige ɗaki. Amma ranar kasuwa da aka taru gindin ɗorawa bisa roƙonsa, tana nan a gaba cikin mata, ta ɗaure zanenta tamau.

Maikuɗi ya zauna a ƙasa, ya ajiye guntun igiyar Gundumi a gabansa. Ya ce, "Jama'a, kun ga abin da ya kashe sanku. Abin da ba ku gani ba shi ne yadda ya isa ga dawar. Wannan igiya na san ta ruɓe, ban sake ta ba. Kuma lokacin da ta tsinke ina barci, don na sha giya na wuce yadda na yi niyya. Da idona biyu, da na kamo shi tun bai kai baki ba. Laifin ba na igiya ba ne, ba na Ɗanasabe ba, nawa ne. Abin da kuka yanke na ɗauka."

Wuri ya ruɗe. Maguzawa suka sunkuyar da kai. Alhaji Aƙilu ya miƙe, ya ce dama ya san ranar nan za ta zo, wanda ya ba mashayi amanar dukiya shi ya jawo wa kansa, a kwance Fari yanzu a mayar da shi gari. Wasu suka goya masa baya. Samarin unguwa suka fara gunaguni, har wani ya ɗaga sanda. Sai aka ji muryar Gwaggo Mairo, siririya, tana cewa a bari ta yi tambaya, tun da an ce mata ma suna da baki a nan.

"Ɗan nan, wa ya gan ka kana barcin?"

"Ɗanasabe kaɗai, Gwaggo."

"Shi ne ya ce zai tona ka?"

"A'a. Cewa ya yi in yi shiru."

"To, ni na gama tambayata."

Malam Isyaku ya gyara murya. Ya ce, "Lokacin da shanun nan suke gidana, sun rame har ƙashi ya fito. Na san barorina sun yi sakaci, amma ban tara ku na faɗa ba, ku ma ba ku tambaye ni ba, sai muka yi ta zargin juna har ƙungiya ta kusa wargajewa. Yau mun rasa sa, gaskiya ne, kuma da zafi. Amma mun san yadda muka rasa shi, daga bakin wanda ya yi, ba tare da an matsa masa ba. Alhaji, in muka kore shi saboda ya faɗa, wanda zai gaje shi ya koyi darasi ɗaya, wato ya riƙa rufe bakinsa. Ni ina ganin a hukunta shi, amma a bar masa shanu."

Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa Maikuɗi zai ci gaba da riƙo. Ba shi ba giya muddin shanu suna wajen turkensu. Alamarsa a cire ta daga igiya a wannan shekara. Gonakin da suka rage kuma, tun da sa ɗaya ba ya jan garma, shi zai huɗe su da hannunsa. Aka kuma ce a naɗa masu duba kayan aiki duk ranar kasuwa, ɗaya daga kowane hayi. Wani mai wayo ya ce na gari a ba Alhaji Aƙilu, tun da shi ya fi kowa jin zafin abin. Alhaji ya buɗe baki zai ƙi, ya ga idanu a kansa, ya ce ya karɓa.

Alamar da ke gaba a jerin igiyar bana kuwa ta Alhajin ce, gona mai faɗin da ko shanu sai sun ji a jikinsu. Da gari ya waye Maikuɗi ya saɓa galma ya shiga shi kaɗai. Ya ja kunya ta farko, ya juyo ya ja ta biyu. Da hantsi ya waiga, sai ga Hajo a bayansa da tata galmar. Can sai ga Ɗanasabe da ƙannensa, kai a ƙasa. Labari ya kai unguwa, makaɗin noma ya rataya gangarsa ya fito. Samarin gari da suka ji kiɗa daga hayin rafi suka ce ba za a yi abin nan a gonar garinsu suna kallo ba. Kafin azahar gonar ta cika da mutane, sahu guda, Musulmi da Maguzawa kafaɗa da kafaɗa, ƙasa tana tashi, mata suna guɗa. Alhaji Aƙilu ya zo ya tsaya bakin gona ya daɗe yana kallo. Sannan ya aika gida aka kawo fura a manyan ƙore, ya tuɓe rigarsa ya ba wani ya riƙe, ya karɓi galma.

Gayyar ba ta tsaya a nan ba. Kowace safiya sai a je gindin ɗorawa a duba alamar da ke gaba, a ɗunguma can. Wanda aka gama wa, shi ke fara zuwa ta maƙwabcinsa. Har gonar Gwaggo Mairo, har ta ƙarshe, duk an huɗe su kafin lokacin auduga ya wuce. Gonar Maikuɗi kaɗai ce ba a shiga ba, don shi ya hana. Ya ce hukunci ne, a bar shi ya cika. Audugarsa ba ta yi wani abin kirki ba a shekarar, tuwon gidansa ma gayaunar Hajo, 'yar gonarta ta kanta, ce ta riƙe shi har kaka ta zagayo.

Da kaka aka yi shelar kawo gudunmawar sayen abokin Fari. Abin da ya taru gindin ɗorawa ya ba kowa mamaki. Gidajen da suka ƙi shiga tun farko, masu cewa abin jama'a ba ya ƙarko, su ne suka riƙa zuwa da dami a ka, suna neman a sa alamarsu a ƙwarya. Wani dattijo daga wata unguwa mai nisa ya ce shi abin da ya kawo shi, ya ji an ce a nan in abu ya ɓaci ana faɗa. Aka tafi Musawa, Maikuɗi da Malam Isyaku da Alhaji da Ɗanasabe, aka yi ciniki a gaban junansu. Sa ɗaya aka je saye, da uku aka dawo.

Alhaji Aƙilu ya ɗauki aikin dubawa da gaske fiye da yadda kowa ya zata. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya murza kowace igiya a hannunsa, ya leƙa bakin garma, ya shinshina dusa. In ya sami aibu ya faɗa da ƙarfi, Maikuɗi ya gyara. Tun suna yi da ɗaurin fuska har ya zama in Alhaji bai zo ba Maikuɗi yana aikawa a dubo ko lafiya.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, samari da yawa suka shiga soja, gonaki suka rasa hannu. A taron kakar shekarar Hajo ce ta miƙe ta ce gidajen da 'ya'yansu suke bakin daga a riƙa sa alamarsu a gaban igiya ba tare da ƙuri'a ba. Ba wanda ya musa. Mutane daga Dayi da wajen Maska suka riƙa zuwa ganin yadda ake yi. Maikuɗi ba ya iya dogon bayani. Sai ya zagaya da su, ya nuna musu shinge da rumfa da inda yake zama a ƙasa, ya ce su tambayi duk wanda suka gani yana wucewa.

A ƙarshen shekarun nan ƙungiya ta yi ƙarfin da ta sayi amalanken shanu guda biyu. Kafin wannan, auduga a kai da bayan jaki take zuwa kasuwa. Ranar da za a fara fita da su, gari da unguwa duk suka fito. Aka loda buhuna har sama aka ɗaure. Gwaggo Mairo ta ce ita tun da aka haife ta ba ta taɓa zuwa Malumfashi ba, kuma ko ba ta gani tana so ta ji hayaniyarta. Aka ɗaga ta aka zaunar a kan auduga, Hajo ta hau ta riƙe ta. Maikuɗi, wanda furfura ta fara cin gemunsa, ya kama akalar na gaba. Malam Isyaku ya yi addu'a, tsofaffin unguwa su ma suka yi irin tasu, makaɗi ya buga, ƙafafun amalanke suka motsa.

Yara suka bi su da gudu har bakin babbar hanya. Duk ƙauyen da suka ratsa sai mutane su fito ƙofar gida suna kallo, mata suna tambayar daga ina. A Malumfashi aka sauke kaya, aka auna, 'yan kasuwa suka kewaye shanun suna yaba ƙibarsu, har wani ya taya, aka ce masa ba na sayarwa ba ne. Hajo ta ja Gwaggo cikin kasuwa ta sayo mata alewa da ɗankwali. Da la'asar suka kamo hanyar gida, amalanke cike da mutanen da suka zo a ƙasa da safe, ana waƙa ana tafi. Maikuɗi yana gaba yana tafiya a ƙasa kusa da shanunsa, ya ƙi hawa, ya ce sun ja kaya isasshe a yau.